Girgizar Ƙasar Turkiyya: Abin Da Ya Sa Wani Gini Ya Tsaya, Wani Ya Faɗi

Da asubahin ran Litinin, 6 ga watan Fabrairu, 2023, da misalin ƙarfe 4 da minti 17, mutane suna cikin barci ana kuma tsananin sanyi, sai ƙasa ta girgiza a kudancin Turkiyya da arewacin Siriya. Masana suka auna ƙarfin girgizar suka ga ya kai 7.8 a ma'auninsu. Tun ba a gama sanin iyakar ɓarnar da ta yi ba, bayan kamar sa'a 9 sai wata mai ƙarfin 7.5 ta sake aukuwa kusa da garin Elbistan, ta ƙarasa kada gine-ginen da ta farko ta bari a tsattsage. Bisa ga ƙidayar hukuma, fiye da mutum 53,000 suka rasa rayukansu a Turkiyya kaɗai, ban da dubban da suka rasu a Siriya. Masifar ta shafi larduna 11 masu jama'a wajen miliyan 14, gine-gine fiye da 35,000 suka rushe, Gwamnatin Turkiyya kuma ta ƙiyasta hasarar da aka yi ta kai kusan dala miliyan dubu 104.

Sa'ad da ƙura ta lafa, abin da ya fi ɗaure wa jama'a kai shi ne yadda a kan titi guda, a biranen Antakiya da Kahramanmarash da Adiyaman, za a ga wani bene a tsaye ko gilashin tagarsa bai fashe ba, alhali na kusa da shi ya zama tulin ƙasa, hawa a kan hawa kamar an jera faifai. Girgiza ɗaya ce ta same su, a lokaci ɗaya. Wannan bambanci shi ne ya tayar da muhawarar da har yanzu ba ta mutu ba a Turkiyya, tsakanin injiniyoyi da 'yan kwangila da 'yan siyasa da dangin mamata, kuma muhawara ce da ta shafi kowace ƙasa da ake ɗora bulo a kan bulo.

Yadda Girgiza Ke Kada Gini

Ɓawon duniya ba dunƙule yake ba. Manyan faifai ne na dutse masu motsi a hankali, suna gogar juna. Faifan da yankin Larabawa yake kai yana matsowa arewa, yana tura ƙasar Anatoliya, watau tsakiyar Turkiyya, zuwa yamma kamar santimita 2 a kowace shekara. A wurin da faifan biyu suka haɗu duwatsu sukan cije, ƙarfi ya yi ta taruwa shekaru aru-aru, ran da suka suɓuce kuwa sai ƙasa ta girgiza. A girgizar farko ta 2023 tsagar da ta ɓalle ta kai tsawon kilomita 300. Ya kamata kuma a lura cewa ƙarin lamba ɗaya a ma'aunin girgiza yana nufin ƙarfi ya ninka kusan sau 32, don haka tsakanin girgiza mai ƙarfin 6 da mai ƙarfin 8 akwai ninki wajen 1,000.

Kowane magini ya san yadda zai sa gini ya ɗauki nauyin da ke danno shi daga sama, watau nauyin rufi da na bango da na mutane da kayansu. Girgizar ƙasa kuwa daga gefe take zuwa. Ƙasa ce take fizge tushen gini zuwa dama da hagu cikin sauri, saman ginin kuma, saboda nauyinsa, yana so ya tsaya inda yake. Wanda ya taɓa tsayuwa a bayan babbar mota direba ya fizge ta ba zato ya san wannan al'amari a jikinsa: ƙafafu sun tafi, kai ya tsaya a baya. Gwargwadon nauyin gini, gwargwadon ƙarfin da zai ja shi gefe, kuma duk wannan ƙarfi a kan ginshiƙan hawa na ƙasa yake taruwa.

Har ila yau kowane gini yana da tasa rawar. Gajeren gida yana kaɗawa da sauri, dogon bene kuwa a hankali yake lilo. Idan saurin kaɗawar ƙasa ya dace da na ginin, sai lilon ya yi ta ƙaruwa, kamar yadda yaro kan tura ɗan'uwansa a kan lilo daidai lokacin da ya dace har ya yi sama ƙwarai. Haka ya faru a birnin Meziko ran 19 ga watan Satumba, 1985. Cibiyar girgizar tana nesa da birnin da fiye da kilomita 300, amma da yake an gina tsakiyar birnin a kan taɓon wani tsohon tabki, sai taɓon ya ƙara wa girgizar ƙarfi, benaye masu hawa 6 zuwa 15 kuma su suka fi faɗuwa, alhali gajerun tsofaffin gidaje da yawa sun tsira. Antakiya ma a kan ƙasa mai laushi take, a kwarin kogin Asi. A wasu wuraren kuma, kamar garin Golbashi na lardin Adiyaman, yashi mai ruwa da ke ƙarƙashin tushe ya narke ya zama kamar kunu, benaye suka nutse ko suka karkace ɗungurum.

Dabarun Da Aka Gano

Ilmin gina gidajen da za su jure girgiza ba sabon abu ba ne. Bayan girgizar Mesina ta 1908 Italiya ta kafa ƙa'idojin gini a yankunan da abin ya shafa. Japan ta bi sahu a 1924, shekara guda bayan girgizar Kanto da ta hallaka fiye da mutum 100,000 a Tokiyo da Yokohama, inda aka wajabta cewa gini ya iya jure turi daga gefe daidai da kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa. A jihar Kalifoniya ta Amurka, rushewar makarantu a girgizar Long Bic ta 1933 ita ta sa aka yi doka ta musamman a kan ginin makarantun gwamnati. Kusan kowace ƙa'ida da ke cikin littattafan injiniyoyi a yau bayan wani babban rashi aka rubuta ta.

Babban abin da aka gano cikin waɗannan shekaru shi ne, ba shi yiwuwa a yi wa kowa gidan da girgiza ba za ta taɓa shi ba sam, domin kuɗin ya fi ƙarfin jama'a. Saboda haka manufar dokokin gini ita ce, ƙaramar girgiza kada ta yi wa gini komai, matsakaiciya ta yi masa lahanin da za a iya gyarawa, babba kuwa ko da ta lalata shi har sai an rushe shi daga baya, kada dai ya faɗo a kan mutanen da ke ciki. Abin da ake nema ga gini shi ne halin gora, wadda iska kan tanƙwara ba ta karye ba. Kankare shi kaɗai yana da ƙarfin ɗaukar nauyi, amma ba ya jure ja, yakan tsinke farat ɗaya kamar busasshen kara. Rodin da ke cikinsa shi ke ba shi juriya.

A nan ne ƙananan abubuwa, waɗanda ba wanda zai gan su bayan an yi yaɓe, suke zama sanadin rai ko mutuwa. Dogayen rodin da ke tsaye cikin ginshiƙi suna bukatar zobba na ƙaramin rodi da za su ɗaure su. Ƙa'ida ita ce a matso da zobban kusa da juna, kamar santimita 10 tsakani, a kai da gindin kowane ginshiƙi, a kuma lanƙwasa bakin kowane zobe ya shige can cikin kankare. In an bar bakin zoben a kwance a gefe, da zarar fatar kankare ta ɓare sai zoben ya buɗe, dogayen rodin su bauɗe waje, ginshiƙin ya murƙushe. Injiniyoyin da suka binciki kangayen Turkiyya sun yi ta samun zobba masu nisa da juna, da rodi mai santsi wanda kankare ba ya kama shi da kyau, da kankaren da aka kwaɓa da hannu da yashi marar tsabta, wanda a wasu wuraren yake marmashewa a tafin hannu.

Ƙa'ida ta biyu, wadda malaman Jami'ar Kantabari ta ƙasar Niyu Zilan, Robert Park da Thomas Paulay, suka yi fice wajen bayyana ta a shekarun 1970, ita ce ginshiƙi ya fi gadar da ke kansa ƙarfi. Dalili kuwa shi ne, in gada ta tsage, ɗaki guda ne ya sami matsala, amma in ginshiƙi ya karye duk abin da ke samansa ya sauko. Ta uku ita ce a sa bangaye na kankare da rodi tun daga tushe har ƙololuwa, a kowace fuska ta ginin, domin su tare turin gefe. Ta huɗu ita ce a guji hawa mai rauni. A biranen Turkiyya, kamar sauran birane masu cinkoso, an saba a bar hawa na ƙasa fili don kantuna ko wurin ajiye motoci, ginshiƙai kawai ba bango, sa'an nan a ɗora gidajen kwana masu nauyi a sama. Irin wannan gini kamar ƙaton mutum ne mai siraran ƙafafu. Bugu da ƙari, a shari'o'in da aka yi bayan girgizar an sha kawo zargin cewa wasu masu kantuna sun sassare ginshiƙai don su faɗaɗa wurin ciniki.

Akwai kuma dabarun da suka fi waɗannan tsada. A shekarun 1970 wani masani na Niyu Zilan, William Robinson, ya ƙirƙiro wani matashi na roba da farantan ƙarfe mai dalma a tsakiya, wanda ake ɗora gini a kansa. In ƙasa ta fizga, matasan ne suke karkacewa, ginin kuwa ya yi ɗan lilo a hankali. Tun 2013 Ma'aikatar Lafiya ta Turkiyya ta wajabta irin wannan tsari ga sababbin asibitoci masu gado 100 ko fiye a yankunan da suka fi haɗari. Asibitocin da aka gina haka, kamar na Elbistan da babban asibitin Adana, sun tsira daga girgizar 2023, alhali wani sashe na tsohon asibitin gwamnati na Iskandarun ya faɗi da majinyata da ma'aikata a ciki. A birnin Taife na Taiwan kuma, dogon benen nan Taipei 101 mai tsawon mita 508 yana ɗauke da dunƙulen ƙarfe mai nauyin tan 660 a rataye can kusa da ƙololuwarsa, wanda yake rage lilon ginin in guguwa ta taso ko ƙasa ta motsa.

Doka A Takarda

Turkiyya ba ta rasa masana ba, ba ta kuma rasa doka ba. Ran 17 ga watan Agusta, 1999, girgizar Izmit ta kashe fiye da mutum 17,000 a yankin masana'antu na kusa da Istambul, shugabanni kuma suka yi alkawari cewa ba za a sake ganin irin wannan ba. Aka ƙaƙaba haraji na musamman wanda jama'a suka laƙaba wa suna harajin girgizar ƙasa. A 2001 aka yi dokar duba gine-gine, wadda ta fara aiki a larduna 19 kafin a game ƙasa da ita a 2011. Aka sabunta ƙa'idojin gini a 2007, aka sake sabunta su a 2018, masana kuma sun yarda cewa ƙa'idojin ba su gaza na ƙasashen da suka ci gaba ba.

To, amma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Tsaga ta farko tana cikin tsarin duba aikin. Shekara da shekaru ɗan kwangila shi yake zaɓen kamfanin da zai duba aikinsa, shi kuma yake biyansa. Kamfanin da ya cika tsanani ba ya sake samun aiki. Sai a 2019 aka gyara wannan, aka koma hukuma ce take rarraba masu dubawa ta kwamfuta, amma kafin nan an riga an gina dubban benaye a ƙarƙashin tsohon tsari.

Tsaga ta biyu ita ce afuwar gini. Gwamnatocin Turkiyya daban-daban sun sha yafe wa waɗanda suka yi gini ba izini ko suka ƙara hawa a kan abin da aka amince musu, musamman in zaɓe ya gabato. Afuwa mafi girma ita ce ta 2018, wadda aka yi ana gab da babban zaɓe: mai gini ya biya wani kuɗi a ba shi takardar rajista, ba tare da injiniya ya je ya duba ƙarfin ginin ba, dokar kuma ta ɗora alhakin jure girgiza a wuyan mai ginin. Miliyoyin mutane suka nemi wannan takarda, baitulmali ya sami kuɗi mai yawa, ƙungiyoyin injiniyoyi da na masu zanen gine-gine kuwa suka yi ta gargaɗi cewa ana mai da gidajen mutane kaburburansu. Takardar rajista tana hana hukuma rushe gini, amma ba ta ƙara ko zobe ɗaya a cikin ginshiƙi.

Gaskiya ne akasarin gine-ginen da suka faɗi tsofaffi ne, na kafin shekara ta 2000. Gaskiya ne kuma a wasu wurare, musamman Antakiya, ƙarfin motsin ƙasa ya zarce abin da ƙa'idar ta yi tanadi, masu kare gwamnati kuma sun riƙe wannan hujja suna cewa masifa ce ta ƙarni wadda ba ƙasar da za ta iya tare ta. Sai dai hujjar ba ta bayyana dalilin faɗuwar sababbin benaye da aka yi ta tallarsu da sunan masu jure girgiza ba. Ginin Ronesans na Antakiya, mai hawa 12, wanda bai fi shekara 10 da gamawa ba, ya kife da ɗaruruwan mutane a ciki, daga cikinsu har da ɗan ƙwallon ƙafar nan na ƙasar Gana, Christian Atsu. A Adiyaman otal ɗin Isiyas ya hallaka mutum 72, cikinsu har da 'yan makaranta da malamansu da suka zo gasar ƙwallon raga daga arewacin tsibirin Kubrus. A watan Disamba na 2024 kotu ta ɗaure mai otal ɗin da mai zanensa shekara 18 da wata 5 kowanne. An gurfanar da 'yan kwangila da injiniyoyi da yawa, amma ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun koka da cewa ma'aikatan hukuma da suka sa hannu a takardun izini kaɗan ne suka tsaya gaban alƙali, domin dokar ƙasar ta ce sai an sami izinin hukuma kafin a tuhumi ma'aikacin gwamnati.

A wancan lokaci an yi ta ambaton garin Erzin na lardin Hatay, mai mutum wajen 42,000, inda ba gini ko ɗaya da ya rufta, ba a kuma rasa rai ba. Magajin garin ya ce bai taɓa yarda da ginin da ya saɓa wa doka ba, ko da hakan ya jawo masa baƙin jini. Masana ilmin ƙasa sun ƙara da cewa garin yana kan ƙasa mai ƙarfi, gidajensa gajeru ne, motsin da ya iso shi kuma bai kai na Antakiya ba. Duka bayanan biyu abu ɗaya suke koyarwa, watau a san irin ƙasar da za a yi gini a kanta, a kuma tsaya a kan iyakar abin da za ta iya ɗauka.

Abin Da Wasu Ƙasashe Suka Nuna

Shekara ta 2010 ta ba duniya misali wanda har yanzu ake kafa hujja da shi. Ran 12 ga watan Janairu girgiza mai ƙarfin 7.0 ta auka wa Haiti. Wani ƙiyasi ya ce wajen mutum 100,000 suka mutu, gwamnatin ƙasar kuwa ta ce sun haura 300,000. Ran 27 ga watan Fabrairu wata mai ƙarfin 8.8, wadda ta ninka ta Haiti kusan sau 500, ta auka wa Chile, mutanen da suka rasu kuma ba su kai 600 ba, da yawansu ma igiyar teku ce ta tafi da su. Lalle cibiyar girgizar Haiti tana dab da babban birnin ƙasar, ta Chile kuwa tana cikin teku kuma ta fi zurfi. Duk da haka babban bambancin yana cikin gini. Chile, wadda ta ga girgiza mafi ƙarfi da aka taɓa aunawa, mai 9.5, a 1960, ta saba gina benayenta da bangayen kankare masu yawa, tana da masu duba lissafin injiniya, dokarta kuma tana kama wanda ya gina ya sayar har shekara 10 in aka sami aibi a ƙashin ginin. Haiti kuwa ba ta da wata ƙa'ida da ake bi, talakawa suna ɗora rufin kankare mai nauyi a kan bulo marar siminti isasshe.

A Japan, bayan girgizar Miyagi ta 1978 aka tsananta ƙa'idojin gini a 1981. Da girgizar Kobe ta zo ran 17 ga watan Janairu, 1995, ta kashe fiye da mutum 6,400, bincike ya nuna akasarin gine-ginen da suka faɗi na kafin 1981 ne. Daga nan gwamnati ta yi dokar ƙarfafa tsofaffin gine-gine, ta zuba kuɗi wajen gyaran makarantu har kusan dukan makarantun gwamnati suka cika ƙa'ida. Taiwan ma ta yi haka bayan girgizar 1999 da ta kashe wajen mutum 2,400. Girgizar Hualiyen ta 3 ga watan Afrilu, 2024, mai ƙarfin 7.4, ba ta kashe mutum 20 ba, ko da yake yankin ba shi da cinkoson jama'a kamar wancan. Waɗannan ƙasashe ba wani asiri suke da shi ba wanda Turkiyya ba ta sani ba. Sun dai ɗauki duba aiki da gyaran tsofaffin gidaje a matsayin aikin yau da kullum, ko ana tuna girgiza ko an manta.

Gidan Talaka

Wani zai ce duk wannan zance na masu benaye ne, mutumin ƙauye mai ginin ƙasa ba shi da kuɗin rodi balle matashin roba. Wannan magana tana da nauyi. A birnin Bam na Iran girgizar 26 ga watan Disamba, 2003, ta hallaka fiye da mutum 26,000, akasarinsu a gidajen tubali masu nauyin rufi. Ran 8 ga watan Satumba, 2023, wata mai ƙarfin 6.8 ta kashe fiye da mutum 2,900 a ƙauyukan tsaunukan Atlas na Maroko, inda gidajen laka da dutse suka zube a kan masu su. Aibin irin wannan gini shi ne bangayensa ba a ɗaure suke da juna ba. In ƙasa ta motsa sai kusurwoyi su rabu, bango ya faɗi waje, rufi ya sauko.

Amma maganin wannan bai fi ƙarfin talaka ba. Ɗamara ta katako ko ta kankare da za ta zagaye saman bango duka ta ɗaure shi wuri ɗaya, rufi marar nauyi, ƙofofi da tagogi ƙanana waɗanda ba su matso kusurwa ba, da hawa ɗaya ko biyu kawai, sun isa su ba mutane lokacin fita. Masu bincike a ƙasar Peru sun gwada naɗe bangon tubali da raga ko igiya a kan teburin da ke kwaikwayon girgiza, suka ga bangon yana tsagewa amma ba ya zubewa. A Kashmir a 2005, da kuma Turkiyya kanta a 1999, an lura cewa tsofaffin gidajen gargajiya masu ƙashin katako da aka cike da tubali sun fi wasu sababbin gine-ginen kankare jurewa. Ga gidan bulo kuma akwai hanya mai sauƙi da ta yi suna a Chile da Meziko: a fara ɗora bango, sa'an nan a zuba ƙananan ginshiƙai da linta masu rodi su kewaye shi ta kowane gefe. Abin da ake bukata a nan shi ne a koyar da magina na unguwa, domin su ne suke gina akasarin gidajen duniya, ba injiniyoyi ba.

Abin Da Ke Gaba

Hankalin Turkiyya yanzu yana kan Istambul, birni mai mutum wajen miliyan 16, wanda wata babbar tsaga ta ratsa ƙarƙashin tekun Marmara a kudancinsa. Masana sun daɗe suna gargaɗin cewa babbar girgiza tana tafe, girgiza mai ƙarfin 6.2 da ta razana birnin ran 23 ga watan Afrilu, 2025, kuwa ta sake tuna wa jama'a. Gidaje masu ɗimbin yawa a birnin na kafin 1999 ne. Rushe su a sake ginawa yana bukatar kuɗi da wurin da za a ajiye mazaunansu, ga tsadar haya, ga kuma ƙorafin cewa shirin sabunta birane ya fi karkata ga unguwannin da fili yake da daraja, inda 'yan kwangila za su ci riba, maimakon inda haɗari ya fi yawa.

Afirka ta Yamma tana nesa da bakin manyan faifan duniya, saboda haka haɗarin girgiza a nan kaɗan ne in an kwatanta da Turkiyya. Duk da haka ba a ce babu shi ba. Girgiza ta yi ɓarna ta kuma kashe mutane a Akra, babban birnin Gana, a watan Yuni na 1939, wata kuma ta hallaka ɗaruruwa a arewa maso yammacin Gini a watan Disamba na 1983. A Nijeriya an ji motsin ƙasa a Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016, da unguwar Mpape ta Abuja a 2018. Abin da ya fi wannan tayar da hankali shi ne benaye suna faɗuwa a ƙasar ba tare da ƙasa ta motsa ba, kamar bene mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas ran 1 ga watan Nuwamba, 2021, ya kashe fiye da mutum 40, da makarantar da ta faɗa wa ɗalibai a Jos a watan Yuli na 2024, alhali ƙasar tana da kundin ƙa'idojin gini tun 2006. Ginin da bai iya ɗaukar nauyin kansa ba, ƙaramar girgiza ma ta ishe shi.

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Ba wanda ya isa ya hana ƙasa motsi, ba kuma masanin da ya iya faɗin ranar da za ta motsa. Abin da ke hannun mutane shi ne awon ƙasa kafin a haƙa tushe, da yawan simintin da aka zuba a kwaɓi, da tazarar zobban rodi, da amanar ma'aikacin da aka aika ya duba kafin a zuba kankare. Turkiyya tana da dukan ilmin da ake bukata tun kafin 2023, ta kuma biya da rayuka fiye da 53,000 saboda ba a tsaya a kansa ba. Hukumar da ta karɓi kuɗi ta halatta ginin da ba ta duba ba, da ɗan kwangilar da ya rage rodi, da mai gidan da ya ƙara hawa a ɓoye, dukansu suna da hannu a abin da zai sami mutanen da za su kwana a ciki, ko da kuwa sai bayan shekara 20 ne ƙasa za ta gwada aikinsu.